Zobe Biyu a Idon Nolberto

A Valparaíso, inda gidaje ke hawa kafaɗar juna
don su leƙa teku,
akwai wani kanti a gindin doguwar matakala.
Can tsoho Eliodoro ke sayar da kyamarori na hannu,
waɗanda suka ga duniya har suka gaji.

Na shiga da albashin wata biyu a aljihu,
na ce fitilar zobe nake nema,
irin wadda ake zura wa kyamara a baki,
ta feso haske daga duk kewayen idonta.

Bai tambayi abin da na riƙo ba.
Cewa ya yi, "Fuskar wa za ki ɗauka, Griselda?"

Ya jera guda uku a kan tebur.
Ta fari faɗinta ya kai faifai,
wutar bango take sha, 'yar ɗakin hoto ce,
ba ta hawa tudu, ba ta shiri da iskar gishiri.
Ta biyu 'yar mitsitsiya, ta likitocin haƙori
da masu bin ƙudan zuma cikin fure.
"Ki ja da baya taku uku," in ji shi,
"haskenta ya mutu a hanya."
Ta uku mai batir huɗu, ta tsage a gefe,
an naɗe ta da baƙin salatif,
amma tana da ɗan maɓallin rage ƙarfi.
Ya ɗora yatsa a kansa.
"Nan kuɗinki yake.
Fitilar da ba ta iya raɗa ba, sai ihu,
ki bar wa mai ita."

Ita na ɗauka.
Ragin da ya yi mini ko shayi ba zai saya ba.

Da la'asar na gangara bakin ruwa.
Nolberto na zaune kan kifaffen kwale-kwale
yana ɗinkin koma,
shekara saba'in da ɗoriya,
ido ɗaya ƙugiya ta kashe tun ban zo duniya ba.

Na ƙure ƙarfin fitila, na matsa, na danna.
Wal!
Tsuntsayen teku suka watse.

Hoto ya fito tas, ba inuwa a ƙarƙashin hanci,
ba rami a kumatu,
sai siririn baƙi da ya zagaye shi a jikin bango
kamar an ja masa kwalli.
Goshi yana ƙyalli,
tamoji duk haske ya cike su.

Ya daɗe yana kallo.
"Wannan ai ƙanena ne, ma'aikacin banki a Santiago.
Ina kika kai mini shekaruna?
Da wahala na tara su, yarinya."

Kunya ta kama ni har kunne.
Na tuna da yatsan Eliodoro.

Na juya shi rana ta bugi kuncinsa na hagu,
na janye shi daga bango,
na rage, na ƙara ragewa,
har fitila ta koma kamar mai neman izinin shiga.
Na ba shi ƙyalle ya share gumi.
Na jira ya manta da ni,
ya koma kan zarensa.
Da na kira sunansa ya ɗago.

A wannan karon komai ya dawo mazauninsa:
tabon ƙugiya, farin gashin gira,
layukan da iska ta yi shekaru tana rubutawa.
Fitila ba ta share ko ɗaya ba,
duhun ƙarƙashin malafa kawai ta ɗan ɗaga.

Ya kai fuska dab da gilashi,
har numfashinsa ya rufe shi da tururi.
Ya goge da babban yatsa.
A cikin ido mai gani akwai ɗan farin zobe.
A cikin mataccen ma akwai, daidai wa daida.

"Kin gani?" in ji shi.
"Shekara arba'in ba wanda ya kula shi,
yau an sa masa zobe."

Ya biya ni da kifi biyu a cikin jarida.
Na hau matakala da su,
jakar kyamara ta yi mako tana ƙarni.