Kwalba Uku a Daren Laraba

Ƙarfe ɗayan dare a Gusau,
janareta na tari a bayan taga,
ni kaɗai a ɗakin gwaji, sai fanka mai ƙara
da kwalbar da aka rubuta wa Jatau Magini.

Kwana tara ke nan da ya zamo
daga hawa na biyu a Tudun Wada.
Ƙugu ya karye, aka yi aiki, aka ɗinke,
aka ce ya huta da hawan tsani.

Kullum allura a fatar ciki,
hefarin, kada doguwar kwanciya ta toshe jijiya.
Mako guda lafiya lau,
har yana tsokanar nas, wai bangon ɗakin nan a karkace yake,
wanda ya ɗora shi bai riƙe ma'auni.

Sai ƙwayoyin da ke like rauni suka fara ɓacewa.
Ranar da ya zo, dubu ɗari biyu da sittin.
Yau tamanin da 'yan kai.
Hankali cewa yake, to, zai yi ta zuba.
Ina! Ƙafar hagu ce ta kumbura,
yatsu suka fara sauya launi.

Abin da ya hana likita barci ke nan:
maganin hana daskarewa na jiki,
masu daskarwar sun ƙaranta,
ga kuma gudaji a cikin jini.

Gwajin na son ƙwayoyin mai lafiya,
sababbi, ba na firji ba.
Nawa ba sa yi, na sha asfirin da la'asar.
Na leƙa baranda. Ɗanjuma masinja
na gyangyaɗi a benci, rediyo a kan ƙirji.
Na ce, ara mini hannunka.
Ya naɗe riga bai ko tambaya ba,
ya dai kau da kai, allura ba ya son gani.

Na juya jininsa a inji, sannu-sannu.
Ja ya kwanta, na sama ya taso a gurɓace
kamar gulbi bayan mamako.
Na raba uku, kowace na ɗiga mata ruwan jinin Jatau.
Ta farko na bar ta haka nan.
Ta biyu, hefarin ɗan kaɗan, gishirin miya.
Ta uku na tula mata har ya wuce kima.
Na ja kujera, na zuba ido, na ajiye tunani.

Ta farko shiru.
Ta uku shiru.
Ta biyu fa, minti shida, minti bakwai,
sai ta tsinke kamar madarar da tsami ya taɓa.
Ƙwayoyin Ɗanjuma, da ba su taɓa jin sunan Jatau ba,
suka rungumi juna, suka dunƙule,
haske ya ratsa kwalbar,
layin inji ya karkata yana yi mini nuni.

Garkuwar jikinsa ce.
Ta hango maganin riƙe da hannun ɗan gida,
ta ɗauka ɓarawo ne da ɗan rakiya,
ta yi kururuwa, ta tara jama'a, ta tare hanya,
ta far wa nata cikin rashin sani.

Na sake yi, don dare kan ruɗi ido.
Haka ta fito. Na ɗauki waya:
Dakta, a tsayar,
har ɗan wanda ake wanke robar hannu da shi.
A nemo wani iri ko daga Sakkwato ne,
wannan dai a wurinsa ya tashi daga magani.

Kulu matarsa ta tare ni a bakin famfo,
buta a hannu, ta ce, an gano?
Na ce an gano.
Ta ce, ƙafar fa?
Na dubi takardar hannuna, na juya bayanta.
Wannan kam kwalba ba ta faɗa mini.

Na koma na wanke kayan aiki.
Ana kiran assalatu Ɗanjuma ya leƙo,
har yanzu yana danne da auduga a gwiwar hannu.
Ya ce, nawan ya yi aiki kuwa?
Na ce ya yi.
Na kai shi wurin mai shayin bakin asibiti,
ya ce a zuba madara da kyau, a ƙara sukari,
ai yau an rage masa jini.