Kaye Mai Ƙofa Biyu

Dala ɗari na saye shi a kasuwar Tawa,
kaye mai shuɗin bango, don bashi kawai:
Bizo, shinkafa tiya biyu.
Matar mushe, mai da gishiri, sai ƙarshen wata.
Alkasum direba, sukari, bai ce yaushe ba.

Ran da Habsu ta kwana uku a asibiti
na rufe kanti, ƙafa ta ƙi hanyar gida.
Wa zan faɗa wa? Kowa da nasa kayan a ka.
Sai na juya kayen ta baya,
ta inda ajami ke shiga ɗaki,
na rubuta: Talata. Ina jin tsoro.
Iyakar abin da ya fito ke nan,
amma numfashin da ya maƙale tun la'asar
ya samu hanya.

Tun daga ranar ya yi ƙofa biyu.
Ta gaba ta jama'a ce,
ta baya tawa.

Bayan lisha nake zuwa masa, in na ja ƙyaure.
In wuta ta ɗauke, tocila a haƙora.
Rana da wata tukuna, sannan abin da ya samu.
Ba na yi masa kwalliya.
Wani dare layi ashirin, hannu har ya ƙage,
wani dare: Albasa ta faɗi.
Ko: Zafi.
Ko: Yau ba kome,
don ba komen ma rana ce, an ci ta, ta wuce.
Na taɓa barinsa damina guda cur,
da na dawo bai ce ina ka shiga ba.

A nan Fassuma ta fara magana,
ta nuna ƙadangare bisa katanga, ta ce kifi.
A nan ruwan farko na bara,
da warin tabkin Babaye da ya cika dare ɗaya.
Da ban ɗaure su ba
da tuni sun bi garke.

A nan kuma zagin da na tanadar wa Alkasum,
shafi guda, har takarda ta huje.
Da safe na karanta shi da idon baƙo,
na ce wane ne wannan mai zafin kai?
Har yau benci ɗaya muke shan shayi,
bai san wutar da ta kwana kusa da shi ba.

Amma ga wadda ta fi.

Shekara biyu ban kira Nomau ba,
ƙanena da ke Abijan.
Zuciya ta shirya shari'arta tsaf:
tun da ya tafi bai waiwayo ba,
ko dala ba ka taɓa gani ba.
Na maimaita har na haddace.
Shekaranjiya ina neman ranar da muka sayi firji,
na faɗa kan hannuna na da,
kwana biyu bayan waccan Talatar:
Alhamis. Nomau ya aiko jikka talatin.
Ya ce ya sayar da wayarsa.
Ya ce kar in gaya wa Inna.

Na daɗe zaune.
Ɓera ya gama abin da yake yi cikin buhu, ya fita.
Ashe zuciya awo take da tiya mai lanƙwasa,
takarda kuwa yadda ka ba ta haka take miƙo maka,
ko ba ka so.

Shafi tara ya rage a tsakiya
kafin ƙofofin nan su haɗu.
Daren jiya ban buɗe ta baya ba.
Na buɗe ta gaba, ƙarƙashin Bizo da matar mushe,
karo na farko na sa sunana:
Tahiru mai kanti.
Jikka talatin, da gaisuwar shekara biyu.
Gobe da safe.