Layi Biyu a Goron Dutse

Ranar Talata aka jera mu,
ba don gabza ba, ba don ƙirga ba.
Sista Barira ta soki yatsana,
ɗigo ɗaya, ko sauro ya fi ta sha.

Ni da na yi wata ashirin ina jiran alƙali,
jiran minti sha biyar ya jiƙa mini riga.

Layi biyu suka fito.
Ta rage murya, gandiroba na bakin ƙofa:
"Tanimu, ƙanjamau ce. Ƙwaya ɗaya kullum,
ana tsufa da ita."

Mu arba'in a ɗaki, ina maɓoyar sirri?
Na cusa robar cikin safa kada ta yi kacau-kacau.
Bayan isha'i ina haɗiya a bushe,
sai Sallau, da muke raba tabarma,
ya miƙo kofinsa cikin duhu.
"Tawa ta ƙare tun Juma'a,
wai mota ba ta zo ba."

Na lalubi tawa, na ƙirga. Ashirin da shida.

Gobe Hansatu za ta zo daga Kurna da tuwo,
da goyo a bayanta.
Ban san ta inda zan fara ba.