Mai Ƙirga

Ni ne mai ƙirga.
Ba ni na riƙe tsumagiya ba,
ba ni na yanke hukunci ba.
Biro gare ni, sai bakin da ke cewa ɗaya, biyu.

Talata ce, bayan azahar,
gindin dalbejiyar kotu, hanyar Ƙofar Marusa.
Mai rake ya riga mu zuwa.
'Yan acaɓa sun kashe babura sun taka kujerunsu,
kowa ya ɗaga waya sama
kamar mai neman sabis.

Aka shimfiɗa wa Tasalla tabarma.
Shekara biyu ana jira ta yaye,
yau bashi ya nuna.
Yayarta ta karɓi yaron
ta juya masa fuska ga bango.

Shaidar da ta kama ta ke nan,
tana tsotsar yatsa.
Shi kuwa Sagiru mai siminti
alwala ya yi, ya rantse, ya saɓa riga ya fita.
Cikin namiji ba ya tona asiri.
Ga shi can jingine da mota
yana ɓare gyaɗa.

Dogo ya matse rajista a hammata
don kada hannu ya wuce ƙa'ida.
Komai bisa ƙa'ida muke yi.

A sha bakwai ɗankwali ya zame.
Malam ya ce a dakata, a suturta ta!
Aka rufe gashin.
Gadon bayan kuwa na kowa ne.

Ba ta yi kuka ba,
shi ya fi ɓata wa jama'a rai.
Wani ya ce taurin ido.
Wani ya ce a ƙara ƙarfi mana, ko wasa ake?

Na san wainarta, mai albasa a tsakiya.
Har yau tana bi na ɗari uku.
A sittin da biyu ta ɗago ta dube ni,
ba roƙo, ba zagi,
kallon mai lissafin ciniki.
Sai na ji bakina ya ce
sittin da huɗu.

Ba wanda ya lura.
Guda ɗaya tak na iya sacewa.
Na rubuta ɗari, na sa hannu, aka buga hatimi.
Mai rake ya share ɓawonsa.

Da dare na ɗauki carbi,
yatsuna suka ƙi tafiya.
Shi ma casa'in da tara ne.

Ban san wanne za a tambaye ni ba
ranar da ba rantsuwar da ke fid da mutum:
ɗayar da na sace,
ko sauran da na ƙirga daidai.