Gurbin da Ake Bari a Gaban Mai Tafiya

A Valparaíso, inda gidaje ke hawa bisa juna
kamar awaki a gefen dutse,
Don Anselmo ya rataya mini kyamararsa a wuya,
ya ce, "Kada ka danna tukuna. Duba."

Na duba. Ga teku, ga jirage masu tsatsa,
ga matakala tana gangarawa kasuwar kifi,
ga wata mata riƙe da kwandon lemo.
Na ajiye ta a tsakiyar gilashi, cif,
kamar maharbi ya auna barewa.

Tsoho ya ja tsaki.
"Tsakiya ta hoton fasfo ce, Nahuel.
Matsar da ita gefe, bar mata hanya.
Wanda ka toshe wa gaba da bakin hoto
ka ɗaure shi ke nan, ko da gudu yake.
Kuma dubi bayanta:
falwayar lantarki ta tsiro mata a ka kamar ƙaho.
Taku ɗaya zuwa hagu, ka cire mata shi.
Ƙafa ke tsara hoto, yatsa shaida kawai yake sawa."

Washegari na so in kwashe garin kaf:
hasumiyar coci, kwale-kwale, bangon da aka zana,
yara biyu da ƙwallonsu.
Ya leƙa, ya ce, "Taura biyu ba ta taunuwa,
balle bakwai.
Ido baƙo ne. In ya shigo, nuna masa wurin zama."

Ya koya mini layin da ruwa ke haɗuwa da sama:
kada a raba hoto da shi biyu daidai,
kamar masu rigimar gado.
Ko ka ba sama kaso mai tsoka, ko ka ba teku,
amma ka zaɓa.

Wata rana muka tsaya gaban shuɗiyar ƙofa
tun hantsi har ƙafata ta yi sanyi.
Safa ja guda ɗaya tana lilo a igiyar shanya.
Na ce mu tafi. Ya ce, "Da saura."
Can sai ga kare ruwan ƙasa, gurgu,
ya zagaya sau biyu,
ya kwanta daidai inda rana ta zubo.
"Yanzu," in ji shi, ƙasa-ƙasa.
"Biyu gardama suke yi. Uku kuwa hira."

Shekara tara ke nan.
Yana ta rufe masa ido, dama sannan hagu.
A sanyin Yuli, bayan an ɗauke ruwa,
na hango shi yana sauka matakalar nan,
sanda na laluben kowane taki,
baƙar hularsa ta jiƙe.
Ban yi lissafin kaso ba, ban tuna komai ba.
Hannuna ya yi rawa, na danna.

Hoton na rataye a shagonsa, wanda yanzu ni ke buɗewa.
Masu shigowa kan ce teku ya karkace,
wai in gyara, ai abu ne mai sauƙi.
Ban gyara ba.

Ranar da na kai masa, ya shafa takardar da tafinsa
tun daga wannan kusurwa har waccan.
"A ina ka sa ni?"
Na ce, "Ƙasa, wajen hagu."
"Akwai abin da ya tsiro mini a ka?"
"Babu."
"Me ke gabana?"
Na duba sosai kafin in amsa.
"Matakala goma sha ɗaya, sai hazon teku.
Fari fat. Ba a ganin komai."

Ya yi shiru, yatsansa a kan farin wurin.
Ya ce, "To, ka bar mini hanya."