Mutum Talatin da Ɗaya, Ranar Asabar

Taswira na kan teburin girki.
Na danne kusurwarta da kwalbar man zaitun,
don iskar duwatsun nan ba ta san sallama ba,
ta taga take faɗowa.

Mutum talatin da ɗaya, daga Porto,
yawancinsu sun ajiye aiki.
Biyu ba sa cin gishiri, ɗaya na dogara sanda,
ɗaya kuma ta rubuto da jan biro:
"Akwai banɗaki a gonar?"
Akwai, baiwar Allah. Na je na gani da idona,
har na sa Telmo ya gyara sakatar.

Tara da rabi, gonar Ermelinda.
Tumaki tamanin, da cuku jere a kan katako
yana zufa cikin duhun ɗaki.
Na ce mata, "Minti arba'in."
Ta dube ni kamar na ce ta auna rafi da ludayi.
"Tunkiya ba ta san agogo ba, Graciete.
In haihuwa ta zo da safen,
baƙinki su jira, ko su riƙe min fitila."
Na rubuta arba'in. Na soke.
Na rubuta awa guda.

Sha ɗaya, tsohuwar gada.
Wasu sun ce Rumawa suka gina ta,
wasu sun ce kakan kakan wani ne,
dutse dai bai taɓa tanka wa kowa ba.
Bas ba za ta hau ba, faɗin bai kai ba.
Direba ya zagaya ta kwari, mu mu taka,
ni a baya tare da mai sanda,
ina ƙirga kawuna
kamar kaza ta hango inuwar shaho.

Sha biyu, injin niƙa na bakin ruwa.
Makulli na aljihun Amancio,
Amancio kuwa sai ya ga dama.
Bara ya garƙame ƙofa ya tafi kamun kifi
don wani baƙo ya kira shi kayan tarihi.
Jiya na kai masa zuma, na zauna,
na sha labarin ambaliyar da na sha sau goma.
An ce mai haƙuri kan dafa dutse.
Ni ba dafawa nake nema ba,
ya juya kawai, ranar Asabar.

Abinci a inuwar ɓaure:
miyar kabeji, burodi mai kauri, zaitun a kasko.
Yuro sha takwas kowane kai.
Na cire na direba, na cire na mai,
na cire na Ermelinda da ba ta son a ba ta a hannu,
abin da ya rage bai sayi takalmi ba.

Saura ƙarfe uku.
A takardar hukuma an rubuta:
"Gidan manomi irin na da."
Sun kafa allo, sun ja igiya a bakin ɗaki,
sun rataye lauje a inda ba a rataye lauje.
Baƙi na son wurin. Sukan leƙa murhu,
su ce, "Kai, rayuwa mai sauƙi!"

A ɗakin nan aka yanke min cibi.
A bakin murhun nan na ɓarar da man shekara,
uwata ta zauna a ƙasa, ba ta dake ni ba,
ta dinga tsane shi da tsumma
tana matsewa cikin kwano
har fitila ta mutu.
Tabon na nan a dutsen daɓe.
Allon bai faɗa ba.
Ni ma shekara shida ban faɗa ba,
nakan ce, "A kula da kai, ƙofar gajera ce."

Minti sha biyar na saba ba shi.
Biro na hannuna, bai sauka ba.

Rediyo ta ce akwai hadari daga yamma.
Laima goma gare ni, ɗaya ta karye.
Gobe sai na biya gidan Telmo aro.