Kujerar Baya

Shekara takwas ina kallonsa ta madubi,
rabin fuska kawai: goshi, ido, bakin hula.
Sauran mutumin yana kujerar baya.

Haladu ɗan Mai-Goro, haihuwar Agege,
a bayan layin dogo aka binne cibiyarsa.
Ubansa ya zo sayen goro, goro ya saye shi.
Uwarsa, Iya Sikira mai garin elubo,
da Yarbanci take faɗa, da Hausa take lallashi.
Shi ya sa in ya miƙe a zauren Alausa
harshe biyu ke kokawa a bakinsa
kafin Turanci ya zo ya raba.

Da can malamin lissafi ne,
alli a aljihu, tsohon babur mai tari.
Ran da ya ci zaɓe ruwa ya cinye layinmu har gwiwa,
a wuyan 'yan dako ya fito gaisuwa.
Ya ce, "Ilu, rubuta: kwata ce farko."
Ban iya rubutu ba. Na riƙe da ka.

Kwatar nan ta shekara uku a cikin fayil.
Karatu na ɗaya, karatu na biyu, kwamiti,
kwamiti ya haifi ƙaramin kwamiti,
damina tana shiga ɗakunan mutane ba sallama.
Da aka gina ta, sunan wani aka kafa a allo.
Ya sa na tsaya, ya karanta, ya yi dariya:
"Ruwa dai bai iya karatu ba. Mu je."

A cunkoson Oshodi na san halinsa.
Wayoyi uku, duk suna kuka:
kuɗin makaranta, kuɗin asibiti,
gawar da za a kai gida Arewa kafin gobe.
Ambulan da ke aljihun ƙofa
ba sa ganin azahar.
Ba zan rantse duka na gumi ba ne.
Na taɓa ɗauko jaka daga wani otal a Ikoyi;
ban tambaya ba,
shi ma ranar bai kalli madubi ba.

Sai maganar 'yan acaɓa ta zo.
Da daddare samari suka cika ƙofar gida,
hulunan kwano a hannu kamar masu ta'aziyya.
Ya fito da jallabiya, ya ce, "Ina tare da ku."
Washegari jam'iyya ta yi magana tun kafin a zauna.
Ina wajen ajiye motoci, rediyo a kunne,
aka ce, masu goyon baya.
A cikin amsar nan na tsinci muryarsa,
'yar ƙarama, amma tasa ce.
Babur ɗin ƙanena Mudi na cikin waɗanda aka niƙe,
saura wata biyar ya gama biyan bashinsa.

Daga Alausa har gida ba wanda ya ce uffan.
Ya sauke gilashi kawai,
ya bar hayaƙin danfo ya cika motar.

Zaɓe na uku, ko akwatin layinsu bai ci ba.
Wayoyin nan uku suka mutu rana ɗaya.
Aka zo aka kwance lambar mota.

Yanzu da la'asar yana barandar masallaci
yana koya wa 'ya'yan masu dako raba dogon lissafi,
ba ya karɓar ko sisi.
Ni kuwa danfo nake ja, Agege zuwa Oshodi.

Jiya ya shigo, furfura, ledar magani a hannu.
Kwandasta ya daka masa tsawa ya matsa ciki.
Na ce, "Ƙyale shi, ya zo gaba."
Ya zauna kusa da ni.
Karon farko ke nan na ga fuskar gaba ɗaya.

Ya miƙo kuɗin mota.
Na tuna kwata. Na tuna Mudi.
Na karɓa,
na ba shi canjinsa cif.